Darasi na Tara: Zaɓen Jif, Tsakanin Mercedes-Benz GLK 350 da Lexus NX

A darasin da ya gabata mun ga yadda magidanci zai raba kuɗin shigarsa tsakanin cefane, haya da kuɗin makarantar yara. Yau za mu ɗauki babban saye guda ɗaya mu bi shi daki-daki, mu ga yadda ake auna abu biyu masu kama da juna kafin a zare kuɗi. Wani zai ce, to ni da ko babur ban mallaka ba, ina ruwana da jif? Da ruwanka. A cikin ajin nan akwai direbobi, akwai masu koyon kanikanci, akwai wanda maigidansa zai aika ya dubo masa mota, akwai kuma wadda mijinta ko ɗanta zai nemi shawararta. Hanyar lissafin kuma ita ce dai wadda za a bi wajen sayen injin markaɗe ko keken ɗinki.

Motocin da za mu auna su ne Mercedes-Benz GLK 350 da Lexus NX, dukansu ƙirar 2015. Irin su ake kira ƙananan jif na alfarma: sun fi motar gida tsayi daga ƙasa, ba su kai Land Cruiser ko Lexus RX girma ba, suna ɗaukar mutum biyar, an kuma ƙawata cikinsu. An zaɓi shekarar 2015 ne saboda a nan suka haɗu. Ita ce shekarar GLK ta ƙarshe, ita ce kuma ta farko ga NX a kasuwar Amurka, inda mafi yawan waɗanda ake gani a wuraren sayar da motoci na Kano, Kaduna da Abuja suka fito.

Asalin kowace

Kamfanin Mercedes-Benz ya fito da GLK a 2008, ana ƙera ta a birnin Bremen na Jamus. An ɗora ta ne a kan ginshiƙin motar C-Class ta wancan zamani, wadda masu gyara ke kira W204. Siffarta mai kusurwa-kusurwa ce, gilashinta a miƙe, direba yana ganin ko'ina. A ƙirar 2013 aka yi mata garambawul: aka sauya mata inji, aka sauya fitilu, aka ɗauke sandar giya daga tsakiyar kujeru aka maida ita jikin sitiyari. A 2015 aka daina ƙera ta, GLC ta gaje ta.

Lexus kuwa reshe ne na Toyota, an buɗe shi a 1989 don ya yi gogayya da motocin Jamus a Amurka. An nuna NX ga duniya a baje kolin motoci na Beijin a 2014, ana ƙera ta a masana'antar Miyata da ke tsibirin Kyushu a Japan. Tana da dangantaka da Toyota RAV4 ta ƙasa, ko da yake an sake mata abubuwa da yawa. Iri biyu ce: NX 200t mai turbo, da NX 300h mai haɗa fetur da lantarki. Daga ƙirar 2018 aka sauya wa 200t suna ta koma NX 300, inji bai canza ba. Ku riƙe wannan, don akwai mai sayarwa da zai ce muku wai 300 ɗin injinta lita uku ne.

Abin da ke ƙarƙashin bonet

A nan bambancin yake da yawa, don haka za mu ɗan jima.

GLK 350 ta 2013 zuwa 2015 tana da inji mai silinda shida, girmansa lita 3.5, ana kiransa M276, ƙarfinsa doki 302. Waɗanda suka gabace ta, ƙirar 2010 zuwa 2012, injinsu M272 ne mai doki 268. Giyarta atomatik ce mai hawa bakwai. An kwantar da injin a tsaye, daga gaba zuwa baya, asalin jan motar kuma tayoyin baya ne. Wadda aka rubuta wa 4MATIC a bayanta tana ja da tayoyi huɗu koyaushe, kashi 45 a gaba, 55 a baya.

NX 200t injinta ƙarami ne, silinda huɗu, lita 2.0, amma an haɗa masa turbo. Turbo wata farfela ce da hayaƙin inji ke juyawa da matsanancin gudu, ita kuma ta dinga cusa wa injin iska fiye da yadda zai shaƙa da kansa. Iska mai yawa tana ƙona mai mai yawa, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Da haka ta samu doki 235. Shi ne injin fetur mai turbo na farko da Lexus ta taɓa sa wa motarta. Giyarta hawa shida ce. An gicciye injin, asalin janta tayoyin gaba ne; mai ja da huɗun ma da gaba take tafiya, sai ta ji santsi sannan ta tura har zuwa rabin ƙarfin baya.

Me wannan yake nufi ga mai tuƙi? GLK ta fi ƙarfi, ba a musu. Idan ka fito wuce tirela a hanyar Zariya, tana amsawa nan take, tana kuma zama daram a kan kwalta idan an yi gudu. NX ba raguwa ba ce, amma takan ɗan yi jinkiri kaɗan kafin turbo ya cika, sannan ta zabura. A cikin gari ba wanda zai lura da wannan.

Me yake nufi ga mai biyan kuɗin gyara? Turbo yana aiki cikin zafi mai tsanani, kuma baƙin mai ne ke sanyaya shi yana kuma sa masa santsi. Duk wanda ya saba zuba baƙin man da ake aunawa a galan a bakin titi, ko ya bar mai ya wuce lokacin juyewa, to turbo ne zai fara ba shi labari. Lexus ta ce a sa mata mai samfurin 0W-20. GLK ba ta da turbo, wannan damuwa ɗaya ta ragu ke nan, amma ita ma tana da nata sharaɗin: baƙin man da ya cika ƙa'idar Mercedes mai lamba 229.5, kuma cikinta ya fi na NX ɗaukar mai, filoginta shida ne maimakon huɗu. Kowane sabis nata ya fi tsada.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Injin M276 yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda, ba ya bi ta kan bawul ɗin shigar iska. Wannan yana rage shan mai, amma tun da fetur ba ya wanke bawul ɗin, a hankali baƙin dauɗa kan taru a kansa. Injin NX 200t yana da hanyar fesawa biyu, ta kai tsaye da ta kan bawul, yana sauyawa tsakaninsu, don haka wannan matsala ta yi masa sauƙi. Su duka biyun kuma an ƙera su ne don fetur mai daraja ta sama, wanda Amurkawa ke saya da tsada a famfo na daban. A yawancin gidajen manmu fetur iri ɗaya ne. Kwamfutar motar takan gane haka ta rage wa injin kuzari don kada ya lalace, ma'ana dokin da aka rubuta a takarda ba duka za ka same su ba. Gurɓataccen mai kuwa, irin na 'yan bumburutu da aka cakuɗa, ba wadda ke jure masa a cikinsu.

NX 300h daban take. Injinta lita 2.5 ne ba turbo, an haɗa shi da injin lantarki da babban batir a ƙarƙashin kujerun baya, jimillar ƙarfinta doki 194. Ba a jona ta da wuta; tana caza kanta idan inji na aiki da kuma duk lokacin da aka taka birki. Fetur na gama-gari aka ƙera ta da shi. Abokin gabar batirinta zafi ne da ƙura. Yana da fanka da ke zuƙo iska daga cikin motar, idan ƙurar hunturu ta toshe hanyar iskar, batir ya yi ta zafi har ƙarfinsa ya ragu. Motar da ta shekara goma batirinta ma ya shekara goma, sai an auna lafiyarsa da na'ura kafin a yi ciniki.

Lissafin mai

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur a Najeriya, tambayar farko da mai sayen mota ke yi ita ce, ya shan manta? Bari mu lissafa.

Hukumar kare muhalli ta Amurka tana buga sakamakon gwajin shan man kowace irin mota. Idan aka juya alƙalumanta zuwa ma'auninmu, aka haɗa tafiyar gari da ta babbar hanya, GLK 350 ta 2015 tana yin kusan kilomita 9 da lita ɗaya, NX 200t kilomita 10 da 'yan kai, NX 300h kusan 14. Ku ɗauko alƙalami. A ce mutum yana tafiyar kilomita 18,000 a shekara. Raba 18,000 da 9, GLK za ta sha lita 2,000. Raba da 10, NX 200t za ta sha 1,800. Raba da 14, NX 300h za ta sha kimanin 1,286. Don sauƙin lissafi mu ƙaddara lita naira 1,000 ce. Ku sa farashin garinku na yau a madadinta idan kun koma gida. GLK naira miliyan 2 a shekara, NX 200t miliyan 1 da dubu 800, NX 300h miliyan 1 da dubu 286.

Ku dubi tazarar da kyau. Tsakanin GLK da NX 200t lita 200 ce kacal a shekara, wato ƙasa da lita 17 a wata. Mutane na faɗin shan man silinda shida kamar wani bala'i, alhali gyara ɗaya mai nauyi ya isa ya cinye rarar shekara guda. Tazarar gaske tana tsakanin GLK da mai lantarkin, lita 714. Ko tsawon tafiya da tanki ɗaya kusan kunnen doki ne: tankin GLK lita 66, sau 9 ya ba da kilomita 594, na NX 200t lita 60, sau 10 ya ba da 600.

Waɗannan alƙaluma na sabuwar mota ne a titunan Amurka. A cunkoson Ƙofar Nasarawa a Kano da rana tsaka, da na'urar sanyaya mota a kunne, duka za su sauka. Amma ba daidai za su sauka ba. Babban inji yana shan mai ko mota na tsaye, mai lantarkin kuwa a cunkoso ta fi nuna gwanintarta, don injinta kan mutu ya bar batir ya ja ta. A doguwar hanya fifikon nata yana raguwa.

Wa zai gyara, da me?

Za ku ji ana cewa, ai Lexus Toyota ce, ko a ƙauye za a gyara maka. Rabin maganar gaskiya ne. Ga NX 300h da sauƙi, don dangin injinta yana cikin Camry da RAV4 masu lantarki da Lexus ES 300h. Ga NX 200t kuwa ba haka ba ne. Injinta ba shi ne na Corolla ko Camry da suka cika gari ba. A cikin 'yan uwanta irin su IS 200t da RX 200t ake samunsa, su kuma ba su da yawa a nan. Bakaniken da ya ƙware a tsohuwar Camry yana iya buɗe bonet ɗinta ya tarar da abin da bai taɓa gani ba, kamar na'urar sanyaya iskar turbo mai amfani da ruwa, da tulun ruwanta daban da na lagireto. Fitilunta da bambarta ma suna da tsada idan aka yi karo.

A ɗaya ɓangaren kuma ana tsorata mutane da cewa kayan Marsandi ba sa samuwa. Ga GLK wannan ba daidai ba ne. Kayan ƙafarta da yawa dangin C-Class ne, injinta kuma yana cikin C 350, E 350 da ML 350, waɗanda suka daɗe a ƙasar nan. Daga Ladipo a Legas zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Apo a Abuja, ana samun kayanta sababbi da na kwance. Matsalar GLK ba rashin kaya ba ce. Matsalarta ita ce tana yawan neman a kula da ita, kuma ba ta yafe kuskure. Misali ɗaya ya isa. Giyarta mai hawa bakwai ta zo kashi biyu: ta farko tana shan jan man giya, ta baya, wadda ke cikin ƙirar 2015, shuɗi take sha, kuma ba a musanya su. Akwai allon lantarki a cikin giyar da idan ya lalace sai an haɗa sabon da kwamfutar motar ta hanyar na'ura ta musamman. Bakaniken da ba shi da wannan na'ura sai dai ya yi ta canki-canka da kuɗinka.

Abin da aka sani a kasuwar duniya shi ne Lexus ta daɗe tana sahun gaba a binciken ƙarkon motoci da ake yi a Amurka, tana gaban Mercedes-Benz a mafi yawan shekaru. Ma'anarsa a aikace: NX ba ta cika zuwa gareji ba, amma ran da ta je da babbar matsala, neman kaya da gwani zai ɗau lokaci. GLK takan je akai-akai, amma a manyan birane akwai masu jiran ta.

Kada a manta da taya. GLK ta Amurka tana zuwa da wili mai inci 19, wata ma 20, robar tayar siririya. NX ta gama-gari inci 17 ce, taya mai lamba 225/65, irin wadda RAV4 da Honda CR-V ke sawa, ana samunta ko'ina kuma da rahusa. Taya mai kauri ta fi shanye rami. Siririya tana da kyan gani, amma rami ɗaya mai kaifi na iya kumbura ta ko ya lanƙwasa wili. Wanda hanyar gidansu ba kwalta ya sa wannan a ma'auni.

Cikin motar kuwa magana ce ta ɗanɗano, ba za mu ɓata lokaci a kai ba. GLK ta fi gajarta, kimanin mita 4.5, NX kimanin 4.6. Kujerun bayan GLK sun ɗan matse ga dogon mutum, ƙofar bayanta ma ba ta da faɗi, abin da hajiya mai babban mayafi ko dattijo mai babbar riga zai lura da shi tun ranar farko. Kujerun bayan NX ana iya kwantar da su kaɗan. Ku shiga ku zauna, gaba da baya, ku sa iyali su zauna.

Ba sunan mota ake saye ba

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu game da motocin ne yadda suka fito daga masana'anta. Amma wadda ke gabanka a wurin dillali ta yi shekara goma a hannun mutanen da ba ka sani ba. Wannan ne sashe mafi muhimmanci a darasin, domin lafiyayyar GLK ta fi NX da ruwa ya ci, haka ma in an juya.

Motocin da muke kira tokumbo ko Beljiyam da yawansu ana sayo su ne daga gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA a Amurka, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shafa. Guguwar Harvey kaɗai, da ta afka wa birnin Houston a 2017, ta nutsar da dubun dubatar motoci, lokacin motocin ƙirar 2015 suna da shekara biyu. Sayen motar gwanjo ba laifi ba ne, a kan gyara wasu su yi kyau. Laifin shi ne a sayar maka da ita a farashin wadda ba ta taɓa komai ba.

Makaminka na farko lambar jikin mota ce, wadda ake kira VIN. Haruffa ne da lambobi guda 17, ana ganinsu ta ƙasan gilashin gaba wajen direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ta GLK tana farawa da WDC, ta NX ƙirar Japan da JTJ. Harafi na goma shi ne shekarar ƙira: D na nufin 2013, E 2014, F 2015, G 2016. Ana yi wa tsohuwar GLK ta 2010 kwaskwarima, a sa mata fitilu da bamba na sabuwar siffa, a ce maka ta 2015 ce. Ƙirga zuwa harafi na goma. In ka ga A, ta 2010 ce. Dubi sandar giya ma: in tana tsakiyar kujeru, tsohuwar ce. Da wannan lamba kuma ana iya sayen tarihin motar a intanet daga kamfani irin Carfax, sau da yawa har hotunanta na ranar gwanjo sukan fito.

Agogon tafiyar motar Amurka da mil yake ƙirga. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka mil 100,000 kilomita 160,000 ke nan. Ana kuma mayar da agogon baya. Idan ya nuna mil 50,000 amma robar fedar birki ta suɗe, sitiyari ya yi sulɓi, gefen kujerar direba ya lotsa, to jikin motar ya fi agogon gaskiya.

Je duba mota da sassafe, kafin a tayar da ita. Dillali zai ce, “Alhaji, ai mun ɗumama maka ita, shiga kawai ka ji daɗinta.” Ka ce masa, “Na gode, Malam, amma gobe zan dawo, a bar mini ita a kwance.” Dalili shi ne injin sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. A GLK, ƙarar kacau-kacau na 'yan daƙiƙu da zarar an tayar alama ce ta sassaucin sarƙar inji, abin da aka san wasu injinan M276 na farko da shi. A NX 200t ka tsaya ta baya ka dubi salansa. Shuɗin hayaƙi na nufin inji ko turbo na ƙona baƙin mai. Idan aka kunna mota, duk fitilun gargaɗi na dashbod su kama sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, musamman ta jakar iskar kariya, wataƙila an cire ƙwanta ne don kada ta tona asiri.

Ɗaga kafet ka shinshina, ka dubi ƙarƙashin kujeru da ramin safaya taya: tsatsa a kan ƙusoshi, busasshen laka, ko warin ruma, duk sawun ambaliya ne. Irin waɗannan motoci cike suke da ƙananan kwamfutoci, ruwa kuma ba ya kashe su rana ɗaya. Bayan wata shida gilashi zai ƙi sauka, gobe fitila, jibi giya. A sa motar a rami a duba ƙasanta, don wadda ta fito daga jihohin arewacin Amurka ko Kanada, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, takan ci tsatsa ta ƙasa alhali samanta na sheƙi. A duba ko tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, tana nan, don ana yawan farke ta a sayar. Sannan a jona na'urar bincike. Bakaniken da zai yi wannan ya zama naka ne, kai ka biya shi, ba wanda mai mota ya kawo ba. Mai la'ada ba maƙiyinka ba ne, amma abincinsa yana cikin a yi cinikin.

Saura takardu. A Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, a 2022 kuma hukumar kwastan ta fara ƙiyasta kuɗin fito ta hanyar lambar VIN. Motar da aka shigo da ita ta ɓarauniyar hanya, ko aka biya mata fiton da bai kai ba, ana iya tsare ta a hanya ko da ka shekara kana hawa. Lambar da ke kan takardar kwastan ta dace da ta jikin motar harafi da harafi, kuma a kai takardar ofishin kwastan a tantance kafin a biya. In farashin ya faɗi ƙasa da na kasuwa sosai, ka tuna araha ba ta ado.

To wace za a ɗauka?

Ba mu sa farashin saye a wannan darasi ba da gangan, don tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 farashin mota yana bin dala, abin da aka buga yau ya tsufa kafin littafi ya iso aji. Abin da ya tabbata shi ne a kasuwarmu NX ta fi GLK ta shekara ɗaya tsada, kuma motocin gidan Toyota sun fi saurin shiga idan aka tashi sayarwa. Kenan mai sayen GLK yana biyan kaɗan a farko ya dinga cikawa a gareji. Mai sayen NX yana biya da yawa a farko ya samu wani kaso ya dawo ranar sayarwa.

Ga ra'ayin mai wannan darasi. Ma'aikacin da albashi ne ke riƙe da shi, motar kuma ita kaɗai ce a gidan, ya ɗauki NX, domin abin da ke karya mai albashi ba tsadar da ya sani ba ce, gyaran ba-zata ne a tsakiyar wata. In zirga-zirgarsa ta cikin gari ce, kuma an auna batirin an same shi lafiya, 300h ta fi masa 200t. Wanda ke zaune a babban birni, yana da bakaniken Marsandi da ya yarda da shi, yana yawan hawa babbar hanya, kuma zai iya ware kuɗin gyara a gefe tun ranar saye, GLK za ta ba shi daɗin tuƙin da NX ba ta da shi. Wanda kuwa kuɗinsa iyakar na sayen ne, ba ragowar sabis, taya da inshora, to bai isa sayen ko ɗaya ba tukuna. RAV4 ko CR-V za su kai shi duk inda waɗannan za su kai shi.

Aikin aji

1. Wata 'yar kasuwa tana tafiyar kilomita 12,000 a shekara. Da alƙaluman da ke cikin darasin, lita nawa kowace daga cikin motocin uku za ta sha? Ninka da farashin lita na yau a garinku.

2. Agogon wata NX ya nuna mil 85,000. Kilomita nawa ke nan? Idan ƙirar 2015 ce, raba da shekarunta ka ga abin da take yi a shekara.

3. An kawo maka GLK an ce ta 2014 ce. Harafi na goma a lambarta B ne, sandar giyarta kuma tana tsakiyar kujeru. Me za ka ce wa dillalin?

4. Ku kasu gida biyu. Kashi ɗaya ya je wurin masu kayan gyara ya tambayo farashin takalmin birki na gaba, filtar mai, filogi da taya ɗaya na GLK 350. Ɗaya kashin ya tambayo na NX 200t. Ku rubuto farashin sabo da na kwance daban-daban, da sunan kasuwar da ranar da kuka tambaya, ku kawo mako mai zuwa.